Jan Tabon da Ya Rufe Shagon Kawu

Zuwa ga Kawu Mai Fenti,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga uba, da fatan kana lafiya kai da Inna, da fatan kuma gwiwar nan tata ta daina hana ta sakat. Ni lafiyata lau, sai ido da ya gaji da kallon kwamfuta.

Na san ba ka son doguwar magana a waya, kullum cewa kake abin da ba a rubuta ba iska ne, shi ya sa na ɗauki biro. Godiya ce ta kawo ni. Sai an zauna an warware zaren dangi kafin a gano ta inda ka zama kawuna, tunda kakata da mahaifiyarka ne 'ya'yan wa da ƙani, amma abin da ka yi mini ko ƙanin uwata ciki ɗaya sai haka. Ka rufe shago, ka tattaro abokan sana'arka masu fentin mota, kuka yi wannan doguwar tafiya aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarku saboda bincikena. Har yau ma'aikatan ɗakin hoto suna tambayata labarin dattijon da ya yi minshari a cikin na'ura. Sun ce tunda aka kafa ta ba su taɓa ganin wanda ya yi barci a cikin wannan ƙarar ba.

To ga albishir. Ka tuna tambayar da nake bi, wato ko shekarun da ake yi ana shaƙar tururin fenti da tinar da ake tsinka shi da ita suna barin alama a ƙwaƙwalwa. Na kwatanta hotunanku da na wasu mutane sa'anninku waɗanda ba su taɓa riƙe bindigar feshi ba. Kawu, abu ya fito! Dubi hoton da na saka a ambulan. Jan nan mai rawaya a tsakiya, ta gefen hagu, yana daf da sashen da ke taimaka wa mutum tuna abubuwa, kuma a nan naman ƙwaƙwalwa ya fi ƙanƙanta a wajen masu fenti. Da ya bayyana a allo na yi ihu, sai da mai share mana ofis ta leƙo da tsintsiya a hannu. Farfesar da ke duba aikina ta yi tafiya, ko ita ba ta gani ba tukuna. Kai ne na farko, domin da kai aka yi wahalar.

In Allah ya so wannan jan shi zai fitar da ni daga makarantar nan. A gaida Inna da kyau.

Taka,
'Yar Lissafi

*

Zuwa ga 'Yar Lissafi,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, ta same mu lafiya. Gwiwar Innarki da sauƙi, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba. Ki gaya wa mutanen ɗakin hoto, wanda ya shekara talatin da ɗoriya kusa da kwamfuresar feshi, ƙarar na'urarsu waƙar reno ce a wajensa.

Na ga hoto. Da farko dai ina yaba wa wanda ya haɗa kalar, yadda jan ya shiga cikin rawaya ba a ga gaɓa ba. In yana neman aiki ki turo mini shi.

Na biyu, ashe shi ya sa! Tun ranar da takardarki ta zo nake kama kaina. Na fita ba hula, sai da na kai bakin titi na ji rana a tsakiyar kai. Na zuba sukari sau biyu a shayi. Na kira Bakanike, maƙwabcina na gareji, da sunan mahaifinsa da ya daɗe da rasuwa. Shekaranjiya na nemi samfefar goge mota har na fara zargin mutane, ashe tana aljihuna na baya. Innarki ta aike ni sayo albasa na dawo mata da ashana. Da can in na yi irin wannan cewa take halina ne, yanzu ga shi kin samo mini takardar shaida daga jami'a.

To Malama, tunda ku ne masu ƙirga, ki ƙirga mini. Wannan jan na kaina ne? Yana tsaye wuri ɗaya, ko yana ci kamar tsatsa a ƙasan ƙofar mota? In yana ci, saura nawa ya cinye sauran? Ina tambaya ne don in san ko in karɓi manyan ayyuka ko in tsaya a kan bamba da madubi.

Ki amsa da wuri, kafin in manta na yi tambayar.

Kawunki

*

'Yata,

Bayan sallama da gaisuwa. Muna nan lafiya gwargwado, ina fata ke ma haka.

An kwana biyu ban ji daga gare ki ba. Ba na ganin laifinki. Na yi jinyar mahaifina, na san yadda likita yake yi in ba shi da labari mai daɗi, sai ya riƙa duba takarda yana gyara tabarau. Shiru ma magana ce, kuma na ji.

Wani abu ya faru da ya sa na rubuto. Wata malamar makaranta ta kawo motarta, shuɗiya, an buge mata ƙofar baya. Ni da ido nake haɗa kala tun kafin a haife ki, ban taɓa buɗe littafin lamba ba. Na haɗa, na fesa, ta bushe, aka turo motar waje. 'Yata, ƙofar daban, mota daban. Matar ba ta yi faɗa ba, ta dai ce, "Baba, ko idona ne?" Na tsaya riƙe da tsumma ina kallon ƙofar. Tunda nake ba a taɓa dawo mini da aiki saboda kala ba.

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ba zan jira har in zama abin tausayi a gareji ba, ana cewa Allah sarki, da kuwa gwani ne. Bakanike ya daɗe yana son faɗaɗa wurinsa. Na ce masa in wata ya ƙare ya karɓi shagon da kwamfuresa da komai. Na sa kwaɗo, na dawo gida. Ban gaya masa dalili ba, kuma ban gaya wa abokan aikin da na kai miki ba. Ni na ja su zuwa can, ban san da wane baki zan ce musu kawunanmu suna ƙarewa ba.

Abu ɗaya nake roƙo, ki faɗa mini gaskiya ba ta likitoci ba. Me ake fara mantawa, me kuma ake mantawa a ƙarshe? Sana'a ta tafi, na haƙura. Abin da nake tsoro shi ne ranar da zan dubi Innarki in tambaye ta ko ita wace ce. Ina jin tsoro, 'yata, kuma ke kaɗai na faɗa wa.

Kawunki

*

Ke 'Yar Lissafi,

Ni ce Innarki. Ina gaishe ki, ya karatu, ya jiki. Na gama gaisuwa.

Me kika aiko wa mijina? Mutum yana zaman zamansa, yana cin tuwonsa yana tsokanar jama'a, kin turo masa hoton kai da jan fenti a ciki kin mayar mini da shi majinyaci. Ya rufe shago. Yana zaune a falo tun safe, duk inda na juya ina tuntuɓe da ƙafarsa. Ba ya dariya. Sai in ji shi yana jera sunayen jikokinsa a hankali kamar mai bitar hadda, in ya yi tuntuɓe a ɗaya sai ya yi tagumi. Jiya na same shi a tsakar gida yana kallon buta, na ce lafiya, ya ce yana gwada ko ya san sunanta.

Na ce bari in kira ki a waya, ya rantse in na kira bai yafe ba. Wai in da alheri da kin faɗa, kada a takura yarinya ta furta abin da take ɓoyewa. To bai hana ni rubutu ba, don bai san na tuna yadda ake yi ba.

Ni dai ga abin da na sani. Mutumin nan ranar da aka kai ni gidansa ya manta inda ya ajiye mabuɗin ɗakin, muka tsaya a ƙofa da ƙawayena har aka nemo kafinta. A lokacin ko gwangwanin fenti bai taɓa buɗewa ba. Mantuwarsa ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba, ni ce shaida. Abin da ya ƙaru shi ne yanzu yana ƙirga ta.

In ciwo ne ki faɗa mana mu nemi magani da addu'a. In ba ciwo ba ne ki zo ki kwance abin da kika ɗaura, kafin Bakanike ya rushe bangon da ke tsakanin shagunansu. Ya riga ya fara awo da igiya.

Innarki

*

Zuwa ga Kawu da Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ina kuma durƙusawa. Lafiyata ƙalau. Kawu, kafin komai: kada ka ba da shagon nan. Hoton da na aiko ba kanka ba ne, kuma jan da ke ciki ma bai tsaya ba. Inna, ki karanta masa wannan layin sau biyu.

Takardunku biyu na ƙarshe tare suka zo hannuna yau da hantsi, sun kwanta a ofishin sashe ba wanda ya ce mini. Ta farko kuwa na same ta tuni, na karanta ina ta dariya har da karanta wa ƙawata zancen ashana. Wallahi na ɗauka tsokanar Kawu ce ta kullum. Ban ga tsoron da ke ƙarƙashinta ba. Na ƙi amsawa ne saboda kunya, ga kuma dalili.

Farfesa ta dawo, na kai mata hoton ina washe baki. Ta duba, ta ce, "Wurare nawa kika gwada kafin kika sami wannan?" Na faɗa mata. Ta ce, "Kin yi gyaran yawan gwaji?" Na ce ban yi ba. Da ta ji har na aika wa ɗaya daga cikin mutanen da aka ɗauka hoto, sai ta cire tabarau ta ajiye. Ba zan maimaita abin da ta ce ba, amma Inna, ta riga ki.

Bari in yi bayanin da ya kamata in yi tun farko. Kwamfuta ba ta kallon ƙwaƙwalwa a dunƙule. Tana yanka hoton zuwa 'yan gurabe ƙanana, kowanne bai kai ƙwayar wake ba, sun fi dubu ɗari. A kowane gurbi sai ta yi tambaya ɗaya: bambancin da ke tsakanin masu fenti da sauran mutane a nan, ya yi girman da zai yi wuya a ce katari ne? Domin ko 'yan uwa biyu ka auna ba za su zo daidai ba, balle taron mutane. Ma'aunin da na sa shi ne, in bambancin irin wanda katari kan kawo sau ɗaya a cikin dubu ne, a shafa wa gurbin ja. A gurbi guda wannan ma'auni ne mai tsauri. Amma na yi tambayar sau dubu ɗari. Ko da babu wani bambanci ko kaɗan, gurabe wajen ɗari za su yi ja haka kawai. Kuma da yake gurbi yana kama da maƙwabcinsa, ba a warwatse suke fitowa ba, sukan taru su yi tabo mai kyan gani irin wanda ya sa ni ihu. Na tankaɗe buhu guda da rariya mai manyan idanu, na ɗauki tsakuwar da ta faɗo ina murna.

Gyaran da Farfesa ta sa ni yi shi ya cinye mini makwannin nan. Ana cire wa hotunan alamar wane mai fenti ne, wane ba shi ba ne, a gauraya su, a raba su gida biyu da ka, yadda kowane gida ya zama haɗin gambiza. Sai a kwatanta gidajen biyu a ga tabo mafi girma da zai fito. A sake gaurayawa, a sake dubawa, har sau dubbai. Tunda rabon na ƙarya ne, duk tabon da ya fito na katari ne. Daga nan sai a ɗauko tabona na gaske a jera shi da su. Kafin a yarda da shi, sai ya fi kusan dukkansu girma, ya zama bai fi biyar cikin ɗari ne suka kamo shi ba. Kawu, kusan ɗaya cikin kowane uku ya kai nawa ko ya fi shi. A wani rabon ma, da aka haɗa ka gida ɗaya da wani tela da wani direba, tabon da ya fito ya ninka nawa. Da aka sa ma'aunin da ya dace, allon ya fito fes, ba ja ko ɗigo.

Sannan ko da jan ya tsaya, ba hoton mutum ɗaya ba ne. Kwatancen taro ne da taro, aka shafa sakamakon a kan wani zanen ƙwaƙwalwa da kowa ke amfani da shi. Hotonka na kanka kuwa, likitan hoto ya duba shi tun makon da kuka zo, kamar yadda ake yi wa kowa, da ya ga abin damuwa da an kira ka tuni. Yau na koma na roƙe shi ya sake buɗewa a gabana. Ya ce bai ga komai ba sai kan mutum mai shekarunka, lafiyayye.

Kada kuma a juya maganata. Ban ce tururin tina abokin kowa ba ne, an daɗe da sanin yana cutarwa in ya yi yawa. Abin da na ce shi ne bincikena, da mutane kaɗan ɗin da na samu, bai nuna alamar ba. Rashin gani ba shi ne babu ba. Saboda haka ga takunkumi mai tace iska na haɗo a kwali, irin na gaske, ba tsumman da kake ɗaurawa a hanci ba. In kuma mantuwa ta ci gaba da damunka, akwai gwajin da likita ke yi da baki da takarda, sai in zo in raka ka.

Ranar da allon ya fito fari na shiga banɗaki na yi kuka, don babin bincikena da na fi ji da shi ya rushe, zamana a makarantar nan kuma ya ƙaru. Yau da na karanta takardarka na koma na buɗe wannan farin allon, na daɗe ina kallonsa ina hamdala. Ban taɓa jin daɗin rasa abu irin haka ba.

Ka yafe mini, Kawu. Sauri ya haifi nawa.

Taku,
'Yar Lissafi

*

Zuwa ga 'Yar Lissafi, mai rariya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya, lafiya ta gaske wannan karon. Innarki tana gaishe ki, ta ce ta janye rabin abin da ta rubuta, sauran rabin ki ajiye saboda gaba.

Ta karanta mini layin sau biyu kamar yadda kika ce, sannan ta ƙara na uku don kanta. Na yafe miki duniya da lahira. Ai ba ke kaɗai kika yi ba. Ke kin leƙa wuri dubu ɗari kina neman ja, ni na leƙa kowane motsina tun daga asuba ina neman mantuwa, mai nema kuwa yana tare da samu.

Amma kin san ni, gani ya kori ji. Kafin in buɗe shago sai da na yi nawa binciken. Na ɗauki kujera na zauna wuni guda a wajen Bakanike, mutumin da bai taɓa fesa ko keke ba, na sa masa ido irin yadda na sa wa kaina. 'Yata, kafin azahar ya nemi sifana tana hannunsa. Ya kira matarsa a waya ya manta abin da zai ce. Ya rufe bonet da tocilarsa a ciki, sai da mai mota ya dawo da ita. Na ce a raina, in da ni ne da yanzu na rubuta wasiyya. Da na gaya masa na fasa ba da shago ya ɓata rai, ya ce magana biyu ba ta dattijo ba ce. Na ce gaskiya ne, amma ka yi mini uzuri, mantawa na yi na yi maka alkawari. Har yanzu yana gaishe ni da ƙyar.

Na aika aka kira malamar nan mai shuɗiyar mota. Na sake haɗa kalar a waje cikin rana, da zuciya ɗaya, ba kamar wancan karon da nake motsa fenti hankalina yana kan hotonki ba. Ta zagaya motar ta kasa nuna ƙofar da aka taɓa. Takunkuminki kuwa ina sawa. Na yi kama da ƙwaro, gareji duk sun samu abin dariya, amma biyu daga cikin abokan aikina sun ce in tambaye ki inda ake samu.

Kin ce babinki ya rushe. Ni ban san dokar makarantarku ba, amma ki rubuta musu abin da ya faru yadda ya faru, har da gaurayawar. In Farfesa tana son ƙarin kawuna, zan sake cika mota in kawo miki, in kuma rama barcina a cikin na'urar.

Bari in rufe da labarin ranar da na koma aiki. Na yi wanka, na sa kayan aiki, na taka har gareji ina amsa gaisuwa kamar wanda ya dawo daga tafiya. Na isa ƙofar shago, na sa hannu a aljihu, babu mabuɗi. Na laluba ɗayan, babu. Na juyo gida. Ina shan kwana na hango Innarki tsaye a bakin ƙofa da mabuɗin a hannu, fuskata kawai take kallo ta ga wanda ya dawo mata. Sai na ji dariya ta taso mini tun daga ciki, na yi ta yi har na dafa bango. Ta share ido da bakin mayafi, ta miƙo mini mabuɗin, ta ce, "Ungo. Hular ma ga ta can a kan kujera."

Kawunki Mai Fenti